Ƙwayar Dawa da Karan Dawa a Ma'aunin Maganaɗisu

Idan manomin Rano ko na Kibiya ya girbe dawa, zangarniya ita ke shiga rumbu, kara kuwa sai a yi danga da shi ko a bar wa shanu. Alhali kuwa sitacin da ke cikin ƙwaya da selulos ɗin da ke cikin kara duk tubalinsu ɗaya ne, watau sukarin nan da ake kira gulukos, wanda aka jera dubbai kamar sarƙa. Bambancin yana wurin mahaɗa. A sitaci ɗaurin yana fuskantar gefe guda, ana ce masa alfa. A selulos yana fuskantar ɗaya gefen, ana ce masa beta. Yawu da hanjin ɗan Adam alfa kaɗai suke iya warwarewa. Saniya ma ba gwanintarta ba ce, ƙananan halittun da ke tumbinta ne suke yi mata aikin.

To, madubin likita ba ya nuna wannan ɗauri. Hanyar gane shi ta samo asali ne daga binciken Felix Bloch da Edward Purcell a Amurka a 1946, ita ce ake kira NMR. A cikin kowace ƙwayar zarra ɗari ta kabon, kusan guda ɗaya ce kabon-13, wadda cibiyarta take kamar ɗan ƙaramin maganaɗisu. In aka sa samfur cikin ƙaƙƙarfan maganaɗisu aka aika masa igiyar rediyo, sai kowace cibiya ta amsa da muryarta, gwargwadon maƙwabtan da suka kewaye ta. Da yake amsar ba ta da ƙarfi, aikin bai yi sauƙi ba sai bayan dabarar Richard Ernst ta 1966.

Gulukos yana da kabon shida, kowanne da layinsa a takardar sakamako. Na farko shi ne babban mai shaida: a sitaci yakan tsaya kusa da 100 a ma'aunin, a selulos kuwa tsakanin 103 da 105. Tazarar ba ta taka kara ta karya ba, amma ta isa hujja. Haka kuma kabon na shida yakan gusa daga kusan 61 ya yi sama duk inda sarƙar ta yi reshe. Da wannan ake gane amilofektin, sitaci mai rassa, daga amilos marar rassa, kuma rinjayen ɗaya a kan ɗaya shi ke sa tuwon wata dawa ya fi na wata danƙo.