Aikin Gayya da Kula da Magudanan Ruwa a Dausayin Haɗeja-Nguru

Kalmar gayya tushenta ɗaya da gayyata, wato kiran jama'a su haɗu bisa raɗin kansu domin aikin da ya fi ƙarfin mutum guda. Muhimmancin wannan al'ada ya bayyana a dausayin Haɗeja-Nguru. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan kogin Haɗeja ya daina janyewa da rani kamar da. Sai ciyawar kacalla ta bunƙasa, ta toshe magudanai, wasu gonaki suka nutse, wasu suka bushe. Saboda haka manoma da masunta kan yi gayya su sare ta, domin toshewar magudana a gari guda asara ce ga garuruwan da ke gaba.