Wayarki Ta San Kwanakinki, Ko Canka Take Yi?

'Yan uwana mata, yau zancen namu na cikin ɗaka ne. Yanzu da wuya ki ga budurwa mai babbar waya ba ta sa manhajar nan ta lissafin al'ada ba, irin su Flo da Clue. In aka tambaye mu dalili, ai ba ya wuce ga ta da kyan gani, ba wuyar latsawa, sannan ba ta harararki in kin yi tambayar da kunya ke hana ki yi wa Anti. Ni dai wannan na ƙarshen ne ya ja ni.

Likitoci da nas-nas kuwa ba nan suke dubawa ba. Su tambayarsu ita ce, abin da take faɗa gaskiya ne? Wa ya rubuta shi? A 2015 wasu masana a Ostireliya suka fito da ma'auni mai suna MARS, mai auna manhajar lafiya ta fuska huɗu: jan hankali, sauƙin aiki, kyan gani da ingancin bayani. Ukun farko ido ke kamawa. Na huɗun fa, wa ya ba mu iliminsa?

To a nan gizo ke saƙar. A 2016 wasu likitoci a Amurka suka gwada manhajoji 33 kan ranakun da mace ke iya ɗaukar ciki. Uku ne kacal suka faɗi daidai. Uku fa, jama'a! Su kansu kwanaki 28 ɗin da muka haddace ba na kowa ba ne, don wani bincike na 2019 da ya duba zagayowar al'ada sama da 600,000 ya tarar kashi 13 cikin ɗari ne kawai ke cika 28 cif. Ke 'yar makaranta da ba ki daɗe da farawa ba, taki ma ba ta gama zama ba, wani watan ta yi sammako, wani watan ta yi nawa. Waya ta ce kin makara, ki kwana kina kuka a banza. Amaryar da ta jingina tazarar haihuwarta da wannan lissafi kuwa, tata ta fi ƙarfin kuka.

Ga kuma batun sirri. A 2021 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta zargi kamfanin Flo da miƙa bayanan mata ga Facebook da Google, bayan ya yi alkawarin ɓoye su. Sulhu aka yi, kamfanin bai amsa laifi ba.

Inda na ga ra'ayinmu da na ma'aikatan asibiti ya haɗu shi ne ajiye tarihi. Ranar awon ciki, tambayar farko ita ce yaushe rabonki da al'ada, don da ita ake lissafin watan haihuwa. Haka in jini yana wuce kwana 7, ko ciwon mara na hana ki shiga aji, ki je asibiti, ki buɗe wa likita ranakun da kika rubuta ya gani da idonsa.