Ƙaho, Itace da Jijiya: Yadda Turkawa Ke Haɗa Baka

Duk wanda ya zauna ajin injiniyan gine-gine ya san karatun da malam ke nanatawa a kan bim: in ya lanƙwashe, gefe ɗaya matsewa yake yi, ɗayan kuma ya miƙe. Kankare na jure matsi amma ba ya jure ja, shi ya sa ake sa masa rodi. To, masu haɗa baka a Daular Usmaniyya ta Turkiyya da wannan lissafin suka yi aiki, ɗaruruwan shekaru kafin a fara zuba dakin.

Bakansu ba itace guda ba ne irin na maharbanmu. Itacen yana tsakiya ne kawai, inda matsi da ja ba su da yawa, aikinsa ya riƙe sauran. A gefen da ke kallon maharbi, inda ake matsuwa, sai a manna ƙahon ɓaunar Asiya. Kafin a manna, ana kankare siraran layuka a jikin ƙahon da na itacen don gam ya samu wurin kamawa. A bayan bakan kuma, inda ake jan, nan jijiya take.

Aikin jijiyar nan shi ne mai cin rai. Ta ƙafar sa ce ko ta barewa. A busar da ita, a daddake har ta zama zare-zare, a taje, a tsoma a gam mai ɗumi, sannan a shimfiɗa. Gam ɗin ma daga dabba yake: fata, ko guntayen jijiya, ko jakar iskar cikin kifi. Sai shimfiɗa ɗaya ta bushe ake ɗora wata. Tana bushewa tana tsukewa, tana jan bakan baya har bakunansa biyu su kusa haɗuwa. Wato tun ba a ɗaura tsarkiya ba, ƙarfi na ajiye a jikinsa. Bushewar kan kai shekara, wani lokacin ta wuce. Ba irin firojet ɗin wasunmu ba ne da ake haɗawa ana gobe za a kare shi!

Me aka samu? Gajeren baka da za a harba daga kan doki, amma mai cin nisa. A filin Okmeydani na Istanbul akwai duwatsun da aka kafa inda kiban gwanaye suka faɗa, kuma harbin Tozkoparan Iskender ya kai kimanin mita 845. A 2019 UNESCO ta sa harbin kibiyar Turkawa cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Sai dai yana da lago: danshi. Gam ɗin na shan laima ya saki, shi ya sa ake rufe bayan bakan da fata ko ɓawon itace. A ganina hunturunmu zai yi masa daɗi, amma ruwan Agusta, sai an yi hattara.