3.2 Wasa a Matsayin Hanyar Horar da Kunnen Yaro Kan Sautukan Harshe

Kafin yaro ya iya danganta harafi da sauti, wajibi ne ya fara gane cewa kalmar da ke fita daga bakinsa a harhaɗe take, ana iya kwance ta gunduwa-gunduwa. Wannan ganewa ita ake nufi da fahimtar tsarin sauti a cikin wannan kundi. Aiki ne na kunne da baki, tun kafin a zo ga allo da alli. Yaro ɗan shekara huɗu yakan ce "tabarma" ba tare da wata gargada ba, amma hankalinsa yana kan abin shimfiɗa, bai san cewa gaɓa uku ya furta ba.

Masana sun nuna cewa wannan fahimta hawa-hawa take zuwa. A shekarar 1974 Liberman da abokan aikinta sun ba wasu yara a Amurka ɗan sanda, suka ce su ƙwanƙwasa tebur daidai da yawan gunduwoyin da suka ji a kalma. Kusan rabin 'yan shekara huɗu sun iya ƙirga gaɓoɓi, amma ko ɗaya daga cikinsu bai iya ƙirga ƙwayoyin sauti ba. Ke nan gaɓa ce ke fara bayyana ga yaro, ƙwayar sauti sai daga baya. A Ingila kuwa, Bradley da Bryant (1983) sun gwada yara kimanin 400 'yan shekara huɗu da biyar, inda ake furta musu kalmomi su fitar da wadda sautinta ya saɓa wa sauran. Waɗanda suka fi ƙoƙari a wannan gwaji su ne suka fi iya karatu bayan 'yan shekaru.

Binciken da ya fi kusa da manufar wannan kundi shi ne na Lundberg da Frost da Petersen (1988) a ƙasar Denmak. Wata takwas aka yi ana wasa da yaran da ba su shiga firamare ba, minti 15 zuwa 20 a kullum, ba tare da an koya musu haruffa ba. An fara da wasannin sauraro, sannan amsa-amo, sannan tafa gaɓoɓi, daga ƙarshe aka gangaro kan ƙwayar sauti. Da suka shiga firamare sun fi takwarorinsu iya karatu da rubuta kalmomi daidai.

Idan aka dawo gida, za a ga cewa Hausa ta sauƙaƙa wa malama wannan aiki, domin gaɓar Hausa iri uku ce kawai: baƙi da wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai kuma baƙi da wasali da baƙi. Malama tana iya zaunar da yara a da'ira kowa ya tafa sunansa: A-mi-na tafi uku, Mu-sa tafi biyu. Zaurance ma, wanda manya kan ɗauka shiririta ce, horo ne babba. Yarinyar da ta juya "tafi" ta koma "fita", ko "gida" ta koma "dagi", ta raba kalma biyu, ta riƙe kowace gaɓa a ka, ta sake jera su.

A ra'ayin mai wannan nazari, bai kamata a kwafo wasannin amsa-amo na Turanci yadda suke ba. Mafi yawan kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, wasulan kuma biyar ne, saboda haka dacewar ƙarshen kalma abu ne mai arha, ba ya sa yaro ya kasa kunne sosai. Zai fi amfani a mai da hankali kan sautin farko, kamar a ce wa yara su kawo duk abin da ya fara kamar "masara", da kuma kan sautukan da ke rikita su a rubutu daga baya. Misali, malama ta ce "baki" su taɓa bakinsu, ta ce "baƙi" su nuna gawayi. Haka nan "gari" na zama da "gari" na tuwo, waɗanda rubutun boko bai bambanta su ba, kunne ne kaɗai ke raba su ta tsawon wasali.

Sai dai wasan kunne yana da iyaka. Rahoton kwamitin nazarin karatu na Amurka na shekarar 2000 ya nuna cewa horo kan ƙwayar sauti ya fi tasiri idan an haɗa shi da haruffa. Don haka idan yaro ya ƙware wajen tafa gaɓoɓi, ya kuma fara tsinto sautin farko, lokaci ya yi da za a nuna masa harafin da ke wakiltar sautin. Yadda za a yi wannan haɗi shi ne abin da sashe na gaba zai duba.