Ƙwallon naman da sarki ya dawo da shi daga gudun hijira

A shekarar 1709 sarkin Suwidin, Karl na 12, ya sha kashi a hannun sojojin Rasha a yaƙin Poltava. Da rauni a ƙafa ya tsere kudu, ya nemi mafaka a ƙasar Sultan Ahmad na 3, mai mulki daga Istanbul. Aka sauke shi a garin Bender da karamci irin na sarakuna.

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, amma wannan shekara biyar ya yi, yana cin bashi, yana zuga Turkawa su yaƙi Rasha. Da tura ta kai bango, a 1713 sojojin Sultan suka kewaye gidansa, suka cinna masa wuta, suka kama shi. A 1714 ya ɓad da kama, ya hau doki, cikin kusan mako biyu ya isa garin Stralsund da ke ƙarƙashin mulkinsa. Masu binsa bashi suka bi shi har Suwidin.

Shekara ɗari uku bayan haka, a ƙarshen Afrilu 2018, shafin Twitter na ƙasar Suwidin ya faɗa wa duniya cewa ƙwallon naman nan da suke alfahari da shi, wanda shagunan IKEA suka yaɗa ko'ina, sarkin nan ne ya dawo da girkinsa daga Turkiyya. Jaridun Turkiyya suka yi ta murna, wasu masana tarihin abinci a Suwidin suka musanta. Ni dai labarin ya tsaya mini a rai, don a can yawanci ana gauraya naman da na alade, ga shi an ce tushensa tukunyar Musulmi ce. Na ƙudura sai na dafa shi a gidana, nan Bauchi.

Na je kasuwar Muda Lawal na sayi kilo ɗaya na naman sa, na ce wa mahaucin kada ya yanke kitsen duka. Wannan ita ce dabarar farko: tsokar shanunmu tauri gare ta, in babu kitse sai ƙwallon ya bushe. Ta biyu, jiƙa ɓargon burodi a madara kafin a zuba a niƙaƙƙen naman. Na soya albasa da man shanu har ta yi laushi, na fasa ƙwai biyu, na sa gishiri, masoro da ɗan kanumfari kaɗan, don ƙamshinsa yana danne komai. Na mulmula ƙanana kamar goro, na soya.

Miyar ce ta fi buƙatar haƙuri. Ba a wanke kaskon, domin ƙanzon da naman ya bari shi ne daɗin. A ciki ake soya cokali biyu na fulawa, a riƙa zuba romon ƙashi ana juyawa, sannan madarar gwangwani a ƙarshe, wuta can ƙasa. In ta tafasa da ƙarfi, tsinkewa take yi.

Mutanen Suwidin da dankalin Turawa suke ci, to ga na Jos a kusa da mu. Suna kuma haɗawa da wani jan ɗan itace mai tsami da ba ya fitowa a ƙasarmu. Na dafa zoɓo da sukari har ya yi kauri, ya tsaya a madadinsa daidai.

Surukata ta sauke farali, ta zauna Madina kwanaki. Na kai mata kwano ban ce komai ba. Ta ɗauki guda, ta tsame shi daga farar miyar, ta gutsura, ta daɗe tana taunawa.

"'Yar nan," ta ce, "ai wannan kufta ce. Wa ya koya miki?"

Na ce, "Hajiya, bari in ɗauko tabarma, labarin da tsawo."