Karayar da Hannun Maɗori Ba Ya Kaiwa

Duk ranar Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, babura ne ke cika hanya tun daga Ƙauran Namoda, wani da goyon mutum biyu, wani da buhun gero a gaba. A ƙauyukan Zurmi ma babur ne motar kasuwa, shi ne motar asibiti. In kuwa aka yi tsautsayi, gwiwa ce ke fara shan ƙasa.

Jijiyoyi huɗu masu ƙarfi ne ke riƙe ƙashin cinya da na ƙwauri a gwiwa: biyu a gefe da gefe, biyu kuma, ta gaba da ta baya, sun gitta juna a can ciki. Idan abu ya bugi gaban ƙwauri alhali gwiwa na lanƙwashe, yadda take a kan babur, ƙashin yakan koma baya da ƙarfi, jijiyar baya ta miƙe iya miƙewa. Wani lokaci takan tsinke. Wani lokaci kuma ta ƙi tsinkewa, sai ta ɓalle da guntun ƙashin da take manne da shi, kamar sa ya fizgi igiya ya tumɓuke turke. A yara 'yan shekara 8 zuwa 14 jijiyar gaba ce ta fi yin haka, yawanci bayan faɗuwa daga keke, domin ƙashinsu bai gama ƙwari ba.

Sau da yawa wannan ɓallewar tana zuwa ne tare da karayar saman ƙwauri, nan ne kuma ake samun ruɗani. Idon kowa na kan babbar karaya. Maɗori ya ja, ya daidaita, ya ɗaure da karare, kuma a karayar tsakiyar ƙafa ba a rasa waɗanda suka tashi a hannunsa. Amma guntun da ke yawo cikin gaɓa, yatsa ba ya kai gare shi. Ƙashi ya ɗinke, mutum ya miƙe, gwiwa kuwa ta riƙa gocewa duk sa'ad da ya zo gangara ko ya ɗauki kaya. Sai a ce sanyi ne ya shige shi.

Hoton ƙashi na yau da kullum yakan ɓoye guntun, shi ya sa likitoci ke neman hoton CT ko MRI. Tun 1879 wani likitan Faransa, Paul Segond, ya bayyana wata 'yar ɓallewa a gefen saman ƙwauri, wadda har yau in aka gan ta a hoto ake zargin jijiyar gaba ta tafi.

Abin daɗin shi ne ƙashi da ƙashi sun fi saurin haɗewa a kan jijiyar da ta tsinke a tsakiya. A tiyata, likita yakan fara gyara saman ƙwaurin da farantin ƙarfe da ƙusoshi, sannan ya mayar da guntun mazauninsa, ya kafe shi da ƙusa, ko ya ɗaure shi da zare mai ƙarfi in ya yi ƙanƙanta. Ana yi ta ƙananan huji da na'urar leƙa gaɓa, ko a buɗe ta bayan gwiwa, inda ake taka-tsantsan saboda babbar hanyar jini ta nan ta bi. Guntun da bai motsa daga wurinsa ba, ɗaurin asibiti kaɗai na iya wadatarwa.

Aikin ya fi sauƙi a makonnin farko. In an yi watanni, gurbin ya cike da nama, jijiyar ta takure, sai a koma dasa wata, da ƙarin kuɗi da ƙarin jinya. Mutumin Zurmi kuwa tafiyarsa doguwa ce: daga babban asibitin garin zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, wataƙila har asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ko asibitin ƙashi na Dala a Kano, a kan hanyar da 'yan bindiga suka sa ake bin ta da fargaba. Ba abin mamaki ba ne iyali su zaɓi ɗorin gida.

Akwai alamun da ba sa jiran wayewar gari: ƙafa ta yi sanyi, yatsu su dushe ko su mutu, ciwo ya tsananta ƙarƙashin ɗauri. Jini ne ya daina kaiwa, kuma bayan kamar awa 6 tsoka na fara lalacewa.

Bayan tiyata sai gashin ƙashi. Akan fara lanƙwasa gwiwa da wuri don kada ta sandare, amma taka ƙafa da dukan nauyi yakan jira mako 6 zuwa 12, gwargwadon munin karayar.