Nutso da Tukunyar Iska: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Daga Ƙauyen Alu da ke Kano zuwa bakin teku a Legas tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, amma duk wanda ya sauke farali ya bi ta Jidda ya kusanci Bahar Maliya. A ƙarƙashin wannan ruwa akwai duwatsun murjani da mutane ke zuwa daga ko'ina su nutsa su kalla, musamman a jikin tsibirai irin su Farasan na Saudiyya, inda tudu ke tare igiyar teku, ruwa ya kwanta garai-garai. Wasu 'yan mitsi-mitsin halittu masu rai ne ke gina murjanin nan a hankali, shi ya sa ake hana taɓa shi.

Mai nutso yana goya tukunyar ƙarfe. Da yawa na zaton oksijin ce a ciki irin ta asibiti, alhali iskar da muke shaƙa ce aka danƙara. Na'urar da ke sako masa ita daidai da nauyin ruwan da ke kansa, Faransawa biyu ne, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, suka ƙera ta a 1943.

Hatsarin duk yana cikin wannan nauyi. A zurfin mita 10, abin da ke danne jiki ya ninka na doron ƙasa. Idan mutum ya cika ƙirjinsa a can, ya riƙe numfashi ya taso, iskar za ta kumbura har ta iya yaga huhu. Don haka ba a riƙe numfashi ko kaɗan. Ba a kuma tasowa da gaggawa, domin sinadarin naitirojin yana narkewa cikin jini a zurfi. In aka yi sauri sai ya yi kumfa kamar an fasa lemon kwalba, ya jawo ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, ko ma ajali. Shi ya sa ake dakatawa minti 3 a mita 5 kafin a fito, sabon koyo ba ya wuce mita 18, kuma ba a shiga sai da abokin tafiya. Wanda ya gwada a Jidda ya lura: ba a hawa jirgin sama sai an yi aƙalla awa 12, gara ma a kwana a wuni.

Ruwanmu na Kano ya fi wancan wuyar sha'ani. A kududdufi mai nutso ba ya ganin ko tafin hannunsa. Laka ce da leda da guntayen ƙarfe, sai laluɓe. A madatsun Tiga da Challawa kuma ga zurfi. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin ruwa ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, mutum aƙalla 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. A irin wannan rana, masunta da gwanayen ninƙaya na ƙauye ke fara faɗawa ruwa, ba su da komai sai numfashin ƙirjinsu. A ganina su ne suka fi cancanta a horar, a ba su tukunyar iska da fitila da igiya, su yi aiki tare da 'yan kwana-kwana.

Kafin a kai ga haka, idan yaro ya faɗa kududdufi da damina a Tarauni ko Gyaɗi-Gyaɗi, wanda bai iya ruwa ba kada ya bi shi, domin mai nutsewa yana ƙanƙame duk wanda ya samu. A jefa masa igiya, ko doguwar gora, ko jarkar da ba komai ciki a rufe da murfinta, wani kuma ya kira 'yan kwana-kwana nan take.